KIWON LAFIYA: Ciwon Ƙafa Mai Tasowa Wajen Tafiya

Akwai wani ciwo da ke damun dattawa. Manomi ya kama hanyar gona daga Jabo ko Kuchi. Kafin ya yi nisa, sai sha-raɓarsa ta ɗaure. In ya tsaya ya huta, sai ta saki. Mutane kan ce sanyin ƙashi ne ko tsufa. Sau da yawa kuwa, jini ne ba ya isa ƙafar.

Jijiyoyin jini kamar hanyoyin ruwa suke a lambu. Babbar hanya ke kawo ruwa, ƙanana su rarraba shi. In naman ƙafa yana aiki, yana bukatar ƙarin jini. Sai ya fitar da wani sinadari mai suna adinosin. Aikinsa shi ne buɗe ƙananan jijiyoyi, jini ya ƙaru. A shekarar 1929 masana biyu a Ingila suka gano yana buɗe jijiyoyin jini. Ba ya kai daƙiƙa 10 cikin jini, sai ya ƙare.

To, in kitse ya toshe babbar jijiya, adinosin ba zai iya buɗe ta ba. Ƙanana sun buɗe, amma abin da ke zuwa kaɗan ne. Daga nan ciwo ke tashi. Shan taba, ciwon sukari da hawan jini su ne manyan masu jawo wannan toshewa.

Ga abin yi. A bar taba. A je babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe a auna jini da sukari. In likita ya yarda, a riƙa tafiyar minti 30, sau 3 a mako, har wata 3. In ciwo ya taso a huta, in ya lafa a ci gaba. Kada a yi ƙaho ko tsaga a wannan ƙafa, domin rauninta ba ya saurin warkewa.

In ƙafa na ciwo ko ana kwance, ko ta yi sanyi, ko yatsa ya yi baƙi, a garzaya asibiti ran nan. Jinkiri kan sa a yanke ƙafa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin adinosin?
2. Waɗanne abubuwa 3 ke toshe jijiyar jini?