ƊAKIN SIRRINKA, MAKULLI A HANNUN WANI: DARASI KAN AJIYARMU A INTANET

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanakin baya, bayan sallar asuba, wani bawan Allah ya zauna a sahu har kowa ya watse, sannan ya matso kusa da ni. Ɗan kasuwa ne daga cikin masu zirga-zirga tsakanin Lolo da kasuwar Malanville a Jamhuriyar Benin. Ya ce: "Malam, wanga abu ya fi ƙarfina, ban san mi za ni yi ba."

Wani abokin cinikinsa na ƙetare ne ya ja shi gefe a kasuwa, ya buɗe masa wayarsa. Sai ga hoton mai ɗakinsa a tsakar gida ba mayafi, ranar sunan ɗiyarsu. Ga takardarsa ta NIN, ga takardar gona, ga shafukan littafin da yake rubuta basussuka. Abokin ya rantse shi ma bai san ta inda suka shigo masa ba. Bawan Allah ya kwana biyu bai runtsa ba, har ya fara zargin iyalinsa.

Da muka zauna da wani ɗalibina da ya san harkar waya, cikin mintuna kaɗan gaskiya ta fito. Su biyun shago ɗaya suka sayi waya. Yaron shagon, don ya sauƙaƙa musu sauke WhatsApp, sai ya saka musu imel ɗinsa na Gmail a wayoyin. Google Photos kuma yana kwashe duk hoton da aka ɗauka yana kai wa asusun da ke kan wayar. Asusu ɗaya, wayoyi da yawa. Kowa yana kallon tsakar gidan kowa. Na nemi izininsa kafin na ba da labarin, kuma na ɓoye abin da zai sa a gane shi.

MENE NE WANNAN MA'AJIYA?

Turawa suna ce mata kilaud, wato gajimare. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Babu abin da ke rataye a sama. Manyan kwamfutoci ne a cikin gine-ginen kamfanoni, a Amurka da Turai da wasu ƙasashen. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, a raba tsakanin Gmail da Drive da Photos. Apple yana ba da gigabait 5 a iCloud. Hotunanka, lambobin mutanenka, har kwafin hirarka ta WhatsApp, can suke tafiya idan an kunna ajiyar.

Abin yana da amfani, ban hana kowa ba. Wayar mutum takan faɗa Kwara a wurin fito, a sace ta a tasha, amma ya sayi wata ya tarar da takardunsa lafiya. Sai dai ka ɗauke shi kamar shagon ajiya da ka kama haya a wani gari. Makullinsa uku ne: adireshin imel, kalmar sirri, da layin wayar da ake turo lambar tabbatarwa. Duk wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe ɗakin, ko yana Bagudo ko yana Kwatano.

INA RUWAN ADDINI?

Ruwansa da tsaki. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidan da ba namu ba sai da izini da sallama. A aya ta 58 an ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana binciken asirin mutane. Kuma hadisin Sahlu bin Sa'ad, a Bukhari da Muslim, ya nuna cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. To idan leƙe ta kafar ƙofa laifi ne, ina ga buɗe hotunan shekara biyar na iyalin mutum?

Sannan ka lura, mafi yawan abin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Hoton matarka haƙƙinta ne. Takardar asibitin mahaifiyarka sirrinta ne. Sunan wanda kake bi bashi mutuncinsa ne. Amana ce a wuyanka, kuma sakaci da amana abin tambaya ne. Ni kaina da na duba asusuna a ranar, sai na tarar da wata waya da na sayar tun ina jami'a har yanzu tana cikin jerin na'urorina. Na yi istigfari, na cire ta. Don haka da ni da ku duka ake wa wannan karatu.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA KA YI

1. Ka san asusun da ke kan wayarka. Shiga saitin waya ka karanta adireshin imel ɗin. Idan ba ka san shi ba, ko wani ne ya buɗe kuma ya san kalmar sirrin, to ɗakin ba naka ba ne. Buɗe naka. Idan sai an taimaka maka, a taimaka, amma kai za ka shigar da kalmar sirrin da hannunka.

2. Kalmar sirri ta zama doguwa. Ban da lambar wayarka, ban da shekarar haihuwa, ban da sunan ɗanka na fari. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka sa lambobi a tsakani. Kada ka yi amfani da ita a Facebook ko wani wuri. Rubuta ta a takarda ka adana inda kake adana takardun gida.

3. Ka kula da layin da ka ɗaura wa asusun. Wannan ya fi shafar mu mutanen bakin iyaka. Daga Tsamiya zuwa Segbana, daga Lolo zuwa Madekali, da yawanmu layi biyu muke riƙewa, na Najeriya da na Benin, wani ma sai ya yi watanni bai taɓa ɗayan ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Daga ranar, lambar tabbatarwarka wayar baƙo za ta riƙa shiga. A 2024 an toshe layuka da yawa a Najeriya saboda rashin haɗa su da NIN. A Benin kuma, tun 30 ga Nuwamba 2024 lambobi suka koma guda 10, aka ƙara 01 a farko. Wanda ya ɗaura tsohuwar lamba mai guda 8, ya je ya gyara tun kafin ranar buƙata. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. Kwafe su a takarda, za su yi maka rana a wurin da saƙo ba ya shigowa.

4. Ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusunka, a sashen tsaro. Wadda ba ka gane ba, fitar da ita, ka canza kalmar sirri. Idan ka shiga imel a shagon kwamfuta don cike fom na makaranta ko na aiki, kada ka tashi sai ka fita daga asusun. Kafin ka sayar da waya ko ka yi kyautarta, cire asusunka, cire katin memori, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

5. Ka zaɓi abin da zai hau. Ba dole ba ne kowane hoto ya tafi ma'ajiya, ana iya kashe ɗorawar kai tsaye. Kuma goge abu a waya ba kullum yake nufin ya gogu a can ba. A Drive, abin da ka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi. Zan faɗi wata magana ba kunya, don babu kunya a karatu: akwai hotunan da bai kamata a ɗauka ba sam, ko tsakanin miji da mata. Waya tana ɓata, tana zuwa wurin gyara, aure ma yana mutuwa. Abin da ba a ɗauka ba shi kaɗai ne ba ya fita.

6. Ka yi hattara da linki. Idan za ka tura wa wani takarda daga Drive, akwai zaɓi biyu: ko ka buɗe wa mutum ɗaya da imel ɗinsa, ko ka buɗe wa duk wanda ya samu linkin. Na biyun kamar ka ajiye makulli a bakin rijiya ne. Da zarar an jefa shi a guruf, ya fita hannunka. Masu makarantun Islamiyya da ke tara sunaye da hotunan ɗalibai mata, wannan naku ne musamman.

7. Ka kulle kwafin WhatsApp. Tun Oktoban 2021 akwai damar rufe kwafin hirarka da kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64, ta yadda ko Google ko WhatsApp ba za su iya karantawa ba. Amma idan ka manta kuma wayar ta ɓata, babu mai buɗe maka. Rubuta ka adana.

Abin da ya ɗaure waɗannan bakwai ɗin shi ne: lambar da aka turo maka ta saƙo, kada ka karanta wa kowa. Ko ya ce daga banki yake, ko tallafi, ko kujerar Hajji. A 2014 an watsa hotunan sirri na fitattun mata 'yan fim a Amurka, waɗanda aka kwaso daga ma'ajiyarsu. Waɗanda kotu ta ɗaure a kan lamarin, saƙonnin ƙarya suka riƙa turawa da sunan Apple da Google, mutane suka miƙa kalmar sirri da hannunsu. Masu kuɗi da lauyoyi ke nan, ina ga ni da kai?

Kuma ka sani, shi kansa mai shagon ajiyar yana ƙarƙashin dokar ƙasashe ne. Apple ya fito da tsarin kulle iCloud mai ƙarfi a ƙarshen 2022, amma a Fabrairun 2025 ya janye shi daga Ingila bayan matsin gwamnatin ƙasar. Saboda haka abin da fitarsa za ta rusa gida, ajiye shi a gida.

GA MASU GYARAN WAYA DA MASU SHAGO

Ƙannena, sana'arku halal ce, kuma muna buƙatarku. Amma wayar da aka miƙo maka amana ce. Gilashi aka ce ka canza, me ya kai ka cikin hotuna? Kwafar hoton matar mutane, ko nuna wa abokai ana dariya, cin amana ne da tona asiri, kuma a dokar ƙasa ma akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ka daina saka imel ɗinka a wayar kwastoma. Minti biyar ne ka buɗe masa nasa.

Haka wanda ya sayi waya ta hannu ya tarar da kayan wani a ciki: kada ka kalla, kada ka tura, ka sanar da mai ita idan da hali, ka goge. Haka wanda aure ya ƙare tsakaninsa da matarsa yana riƙe da asusunta ko hotunanta: ka mayar mata, ka goge naka. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim ya sanya mai yaɗa sirrin shimfiɗar aure cikin mafi sharrin mutane a ranar alƙiyama. Saki bai halatta maka abin da aka ba ka amana ba.

IDAN MUTUWA TA ZO FA?

Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi. Yau da yawa a waya suke rubutawa. Mutum ya rasu, magada su rasa wa yake bi, wa ke binsa. Google kuma ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Don haka takardun gado da bashi su kasance da kwafi a takarda, kuma ka sanar da amintacce guda inda makullin yake, cikin wasiyyarka.

Shi wancan bawan Allah, mun buɗe masa asusunsa, muka kwafe kayansa, aka goge na tsohon. Yaron shagon ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya ce wallahi taimako ya yi nufi, kuma na yarda da shi. Amma wa ya san waya nawa hotunan nan suka shiga, wa ya ajiye? Wannan har yanzu yana cin mutumin a rai. Da zai tafi ya ce mini: "Malam, ni da nike zargin matata, ashe ni na bar ƙofa buɗe."

Kafin ka kwanta yau, duba abu biyu kawai: asusun wa ke kan wayarka, kuma wane layi aka ɗaura masa. Gobe ka duba ta mai ɗakinka da izininta, da ta iyayenka. Ka karanta wa wanda bai iya karatun boko ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amana. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.