Amsar Tambaya: Shin Ƙaba Tana Kisa?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Kauru. Kumburi ya fito mini a matsematsi, yakan koma idan na kwanta. Ko akwai hatsari?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Alamun da ka bayyana sun yi kama da ƙaba, wadda asalinta shi ne hanji ya sami kafa a inda naman mara ya yi rauni ya leƙo, musamman ga mai ɗaukar buhunan hatsi, ko mai tari na kullum, ko mai yunƙuri wajen bawali da bayan gida; kuma kimanin namiji 1 cikin 4 yakan gamu da ita a rayuwarsa.

Amma babban hatsarinta, wanda ya wajaba kowane mai hankali ya kiyaye, shi ne ranar da hanjin zai maƙale ya ƙi komawa, jini ya daina isa gare shi, har ya ruɓe cikin sa'o'i kaɗan. Idan kumburin ya taurare, ga azabar ciwo, ga amai, ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Jiƙo ba ya rufe wannan kafa, tsagar wanzami kuwa halaka ce. Maganinta tiyata kaɗai. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kunya kuma ba hujja ba ce. Ka je Babban Asibitin Kafanchan ko na koyarwa da ke Shika likita ya duba ka, tun kana tafiya da ƙafarka.