Me Za Ka Kora Kifin Haɗeja da Shi?

A Turai akwai gidajen cin abinci da ke dafa giyarsu da kansu, su zaɓa wa kowane abinci irin da ya dace da shi. Mu a Jigawa giya haram ce, Shari'a ma ta hana sayar da ita. Amma dabarar haɗa abin sha na gida da abinci, wannan kam muna da ita tun kaka da kakanni.

In hanya ta kai ka Kirikasamma, ko ka dawo daga kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya, nemi rumfar da mai abinci ke dama abin shanta da hannunta. Soyayyen kifin tarwaɗa maiƙo gare shi, don haka zoɓo ne abokinsa, wanda ya ji citta da kanumfari, ba wanda aka kashe da sukari ba. Tsaminsa na wanke baki, sai ka ji ɗanɗanon loma ta gaba. Zoɓon ma nomanmu ne, har ƙasashen waje ake fita da shi. Farfesun karfasa mai yaji kuwa, kunun aya mai sanyi ke kwantar da zafinsa. Fura da nono abinci ce mai zaman kanta, kada ka ɗora ta kan tuwon shinkafa.

Kafin ka sha, ka ce wa mai abincin, "Inna, yaushe aka dama kunun nan?" Kunun aya ba ya jure zafin rana, in ya fara kumfa ko warin tsami, bar shi. Da damina, in kogi ya yi ambaliya, tambayi inda aka ɗebo ruwan, don lokacin ne amai da gudawa ke yaɗuwa.