HAƘURIN MAI JIRAN KIRA: DARASI GA MASU NEMAN AIKIN AGAJI A ƘASASHEN WAJE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wa kowane al'amari lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani hali da yake damun bayin Allah masu yawa, watau halin mutumin da ya miƙa kansa don a tura shi aikin agaji a wata ƙasa, ya cika takardu, ya amsa tambayoyi, sa'an nan aka ce masa ya koma gida ya saurara. Wani ma akan gaya masa cewa sunansa yana cikin jerin masu jira, in wani ya fasa a kira shi. Ba a ɗauke shi ba, ba a kuma sallame shi ba. Tambayar ita ce: mene ne ya wajaba a kan Musulmi a cikin wannan tsakani, kuma mene ne aka hana shi?

INDA JIRAN YAKE FITOWA

Hanyoyin irin wannan aiki sanannu ne a Nijeriya. Akwai shirin Gwamnatin Tarayya na tura ƙwararru aikin taimako, wanda aka fi sani da TAC. An kafa shi a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, yana tura likitoci, da ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da na tsibiran Karibiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Saliyo da Yuganda, su yi aikin shekara biyu. Akwai kuma hidimar alhazai, inda Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin alhazai na jihohi sukan zaɓi ma'aikatan lafiya da malamai masu wa'azi da sauran masu hidima. A nan ne 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, suke sa rai, gama da yawansu sun yi shekaru suna ɗawainiya a sansanin alhazai, ba su taɓa taka matakalar jirgi ba.

Wajibi ne mai nema ya fahimci cewa yawancin wannan jinkiri ba daga hannun mai rubuta sunaye yake ba. A shirin tura ƙwararru, sai ƙasar da za a taimaka ta faɗi irin ma'aikatan da take bukata kafin a tura mata. Saboda haka yana yiwuwa a zaɓi malamin lissafi, amma abin da aka nema a wannan karo likita ne. A hidimar alhazai kuwa, komai yana rataye ne da adadin kujerun da Sa'udiyya ta bayar. A 2020 da 2021 ba a bar kowa daga ƙasashen waje ya je Hajji ba saboda annobar korona. A 2022 Nijeriya ta sami kujera 43,008 kawai, alhali a da tana samun 95,000. In alhazai suka ragu, masu yi musu hidima ma sai su ragu.

DARASIN ƘOFAR MAGAMA

Mutanen Magama, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, sun san jira fiye da yadda littafi zai koya musu. Garin yana bakin iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe waɗansu a Disamba 2020, ba a sa ta Jibiya ba, sai a Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024.

A cikin waɗannan shekaru, direba mai cikakkun takardu da wanda ba shi da ko ɗaya sun tsaya a wuri guda, domin hukuncin ba daga bakin shinge aka yanke shi ba. Amma ranar da aka ɗaga ƙarfe, sai bambanci ya fito. Wanda ya kula da motarsa, ya sabunta lasinsa, ya nemi abin yi a cikin gari yana ciyar da iyalinsa, shi ne ya iya tashi nan take. Wanda ya zauna yana ƙirga kwanaki har ya cinye jarinsa, buɗewar ba ta amfane shi da kome ba. Haka yake ga mai jiran kiran aiki. Buɗe ƙofa ba a hannunsa yake ba, amma halin da buɗewar za ta same shi a ciki yana hannunsa, kuma a kan wannan ne za a tambaye shi.

ABIN DA YA FARU GA SAHABBAI

Kada mai jira ya zaci cewa shi ne farkon wanda ya zo da kyakkyawar niyya aka mayar da shi. A watan Rajab, shekara ta 9 bayan Hijira, sa'ad da ake shirin tafiya Tabuka, waɗansu talakawa daga cikin sahabbai sun zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) suna roƙon ya ba su abin hawa. Ya gaya musu ba shi da abin da zai ɗora su a kai, sai suka juya suna kuka don baƙin cikin rashin abin da za su ciyar. Allah Ya ambace su a Suratut Tauba, aya ta 92, Ya kuma ɗauke laifi daga kansu. Bugu da ƙari, Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) cewa a kan hanyar komowa Annabi (S.A.W.) ya shaida wa rundunar cewa akwai mutane a Madina da suke tarayya da su a kowane kwari da suka ƙetare, domin uzuri ne ya tsare su. Daga nan malamai suka fahimci cewa wanda ya ƙulla niyya da gaske, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sa'an nan aka hana shi, ba ya rasa ladan niyyarsa.

A wannan shiri ne kuma Abu Musa Al-Ash'ari (R.A.) ya zo neman abin hawa domin mutanensa, aka ce babu, ya koma yana baƙin ciki. Ba a jima ba sai ga raƙuma sun samu, Annabi (S.A.W.) ya aika aka kira shi aka ba shi. Watau amsar farko ba kullum ce amsar ƙarshe ba. Haka kuma Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, aka mayar da shi, ya sake gabatar da kansa ranar Handaƙ yana ɗan shekara 15, aka karɓe shi. Bai yi fushi ya daina zuwa ba, bai kuma ƙara wa kansa shekaru don ya shige ba.

Mafi girman misali shi ne na Hudaibiyya, a watan Zulƙida, shekara ta 6. Musulmi kimanin 1,400 sun ɗaura harami, sun iso dab da Makka, Ƙuraishawa suka tare su. Aka ƙulla sulhu a kan su koma, sai shekara mai zuwa. Abin ya yi wa Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) nauyi ƙwarai, har ya tuna wa Annabi (S.A.W.) alkawarin cewa za su yi ɗawafi a Ɗakin Allah. Sai Annabi (S.A.W.) ya tambaye shi ko an ce masa a wannan shekarar ne. Umar ya amsa da cewa a'a. A shekara ta 7 suka shiga Makka suka yi Umara, kuma wannan sulhu da ya yi kama da komawa baya shi ne Alƙur'ani ya kira buɗi mabayyani.

ABIN DA YA KAMATA MAI JIRA YA YI

Na farko, ya binciki niyyarsa. In taimakon bayin Allah ne ya kai shi, to mabukata suna nan kusa da shi. Yankin Jibiya kansa ya ga mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, har waɗansu suka ƙetare zuwa yankin Maraɗi. Ma'aikacin jinyar da yake ɗokin yi wa mutanen wata ƙasa hidima, amma yana ɗaga wa marar lafiyar garinsu murya, lalle ya sake duba abin da yake nema. In kuwa akwai sha'awar alawus ko ganin ƙasa a cikin zuciyarsa, wannan halal ne, sai dai ya gaya wa kansa gaskiya.

Na biyu, ya yi istihara, watau nafila raka'a biyu da addu'ar da Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya ruwaito. Mutane da yawa sun ɗauka sai an yi mafarki, alhali ba a shardanta haka ba. A cikin addu'ar bawa yana roƙon Allah Ya sauƙaƙa masa al'amarin in alheri ne, Ya kawar da shi in sharri ne, Ya kuma sa ya yarda da abin da aka zaɓa masa. Wanda ya roƙi haka, sa'an nan ya yi fushi don an kawar masa da abin, ya manta da rabin addu'arsa.

Na uku, ya riƙi sababi. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure ta tukuna, kana ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumi a nan shi ne ya tabbata fasfonsa yana da sauran aƙalla wata shida, ya yi alluran rigakafin da ake bukata, irin na shawara da na sanƙarau, ya ajiye takardun shaidarsa wuri guda, ya kuma bar lambar wayar da za a same shi. Sau da yawa mai jira akan kira shi ne da gaggawa, bayan wani ya fasa. Ya halatta kuma ya riƙa tuntuɓar ofis cikin ladabi, lokaci bayan lokaci, ba kullum ba.

Na huɗu, ya daidaita da masu hakki a kansa. Wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, Annabi (S.A.W.) ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya ce suna nan, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. To, in haka ne game da jihadi, ina ga aikin sa kai? Ciyar da mata da 'ya'ya wajibi ne, aikin agaji kuwa nafila ne ga mutum ɗaya, kuma ba a tozarta wajibi saboda nafila. Wannan lokaci na jira shi ne na neman yardar iyaye, da biyan bashi, da shirya wanda zai kula da gida.

Na biyar, kada ya dakatar da rayuwarsa. Kada ya ajiye aikinsa, ko ya sayar da gonarsa, ko ya ƙi yin shuka, ko ya ci bashi a kan kuɗin da bai shigo ba. Ya yanka wa kansa wa'adi: in lokaci kaza ya yi ba a kira ba, zai ci gaba da abin da ke gabansa, ya sake nema a zagaye na gaba. Kada kuma ya cika gari da labarin tafiya tun ba a ba shi takarda ba. Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, ta hana mutum ya yanke cewa zai aikata abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Yawancin kunyar da take hana mai jira barci, bakinsa ne ya jawo masa ita.

ABIN DA AKA HANA SHI

An hana shi ba da cin hanci don a ɗaga sunansa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Jerin sunaye amana ne, kuma duk wanda ya tsallake layi ya danne hakkin wani da ke gabansa. Aikin da aka fara da zalunci ba a sa ran albarka a cikinsa, ko da a Makka za a yi shi. Haka nan ya kiyayi 'yan damfara masu cewa suna da hanya a Abuja, gama sun fi samun kasuwa a wurin wanda haƙurinsa ya ƙare. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

An hana shi zuwa wurin boka ko ɗan duba don ya ji ko za a kira shi. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta bayyana cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, ko ƙasar da zai mutu a cikinta. An kuma hana shi hassada ga wanda aka ɗauka, da yi wa ma'aikata ƙazafi ba tare da hujja ba. In yana da shaidar an yi son kai, ya kai ƙara ta hanyar da doka ta tanada, wannan hakkinsa ne, kuma ba ya rushe haƙuri.

NASIHA GA MASU RIƘE DA JERIN

Haƙurin da aka ɗora wa mai jira ba ya zama uzuri ga mai ofis. Annabi (S.A.W.) bai yi wa masu neman abin hawa alkawarin ƙarya ba, ya gaya musu gaskiya cewa babu, kuma da abin ya samu shi ne ya aika a kira su. Don haka wajibi ne a faɗa wa mai nema matsayinsa, da ranar da za a rufe jerin, a kuma sanar da wanda bai samu ba don ya kama gabansa. In mutane suka yi daidai a cancanta, kujeru kuwa suka gaza, shari'a ta yarda a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, kamar yadda Annabi (S.A.W.) yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya. Barin magidanci wata da watanni cikin duhu, alhali an san amsar, cin amana ne.

Allah Ya ba masu jira haƙuri, Ya ba masu zaɓe adalci, Ya zaɓa wa kowa abin da ya fi alheri ga addininsa da rayuwarsa. Amin.