Kafin Ka Ɗora Gizago a Kan Bindigar Kakanku

Ɗana, an ce ka sauko da adakar kakanku daga inda take rataye, kana so ka gyara mata itace kafin Babbar Sallah. Madalla. Amma ajiye gizagon tukuna mu yi magana, don abin da ya sara ba ya komawa.

Zan fara da abin da ba ka tambaye ni ba. Ta baki ake ɗura irin wannan bindiga, kuma tsofaffi da yawa sun rataye tasu da ɗuri a ciki, albarushi kuwa yakan yi shekaru bai mutu ba. Zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama, ka zaro ka gwada ta a jikin ƙarfen daga waje. In ba ta kai ƙofar wuta ba, akwai abu a ciki. Kai wa maƙerin da ya san aikin, ya cire, ya kuma duba ko tsatsa ta cinye ƙarfen. In ya ce ƙarfen ya gaji, to ta zama ta ado, kada wani ya zuga ka. Sannan ka je wajen 'yan sanda ka ji yadda izini yake, domin dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin ɗuri da sunansu, har da masu sana'ar gyaransu.

Kada ka ga ta tsufa ka raina ta. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka shigo da bindiga daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ya fara tafiya da 'yan bindiga. Mu nan Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano muke har 1991 da aka yanke Jigawa, don haka labarin namu ne.

Yanzu itacen. In tsohon bai ruɓe ba, gara ba ta shige shi ba, ni dai a gyara shi ya fi mini a sake. Hannun kakanku ya riga ya lallashe shi. In kuwa sai sabo, nemi maɗaci ko madobiya da suka bushe a inuwa, suka ga damina suka ga hunturu. Ƙirya tana da ƙarfi, amma nauyinta sai turmi. Wanda ya yini da ita a kafaɗa daga Surko zuwa daji zai ba ka labari. Ɗanyen itace kuwa yaudara ne: yau ya rungume ƙarfe, iskar hunturu na busawa ya sake shi, ya tsage.

Wurin da nake so ka fi daɗewa shi ne wuya, siririn nan da hannu ke kamawa a bayan kunama. Can bindigogi suke karyewa. Ka juya itacen har ka ga jijiyarsa ta bi tsawon wuyan, ba ta gitta shi ba. Samari suna son wuya siriri don ya yi kyan gani, sai su yi ta fiƙe shi. A'a. Bar masa nama, musamman da yake ta hawan Sallah ce, inda ake cika ɗuri don ƙara ta kai ƙarshen gari. Duk bugun da take yi da baya, wuyan ne ke shanye shi.

Ƙarfe ake fara zaunarwa, siffa daga baya. Kunna aci-balbal, ka turara ƙasan ƙarfen da hayaƙi har ya yi baƙi, ka kwantar da shi a kwarinsa, ka danna, ka ɗaga. Inda baƙi ya taɓa itace, nan kaɗai za ka kankare, da bakin wuƙa, ba da gizago ba. Ka maimaita har baƙin ya bi kwarin gaba ɗaya. Aiki ne mai cin rai, na sani, kuma ba mai ganinsa in an gama. Amma in gindin ƙarfen bai jingina da itace sosai ba, kowane harbi dukan guduma ne, wata rana sai ya raba itacen biyu a hannunka. Haka ma ramin ƙyastu: ɗan kaskon albarushi ya manne da ƙarfe, daidai ƙofar wuta, babu ratar da gari zai zuba ya taru a ciki. Gefen ramin nan kada magagari ya kusance shi.

Sai ka zo kan gindin, wanda ke zama a kafaɗa. Kakanku dogo ne, kai ba ka kai shi ba, to jikinka za a bi. Sa rigar da za ka fita da ita, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar, ka buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka karkatar da kai kafin idonka ya bi bayan ƙarfen, akwai saura. Rage kaɗan, kamar kaurin farce, ka sake gwadawa gobe da safe. Hannun da ya gaji yakan ci fiye da abin da aka sa shi.

Fenti mai ƙyalli dai bar wa masu kujera. Goge da samfefa, ka shafa man kaɗanya kaɗan-kaɗan da tafin hannu, kana barinsa ya sha kafin ka ƙara. Fatar da aka naɗe ta da ita da zoben tagullan nan, in sun cire lafiya, mayar da su inda ka same su. Tsohon itacen ma, in ka sake shi, kada ya shiga murhu: kawo mini in ajiye, ƙannenka za su so su ga tsawon hannun kakansu.