Zafi da Tsananinsa: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani Kafin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Azare da sauran ƙasar Katagum yakan kai digiri 40 ko ya ɗara. A lokacin nan mutane sukan galabaita, abinci kuma ya yi saurin lalacewa. Sanin yadda zafi yake aiki shi ne matakin farko na kare kai.

Masana sun bambanta abu biyu, wato yawan zafi da tsananin zafi. Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu motsi kullum. Tsananin zafi shi ne gwargwadon saurin motsinsu, ana kuwa auna shi da digiri, bisa ma'aunin da ake kira da sunan Anders Celsius, mutumin Suwidin, wanda ya tsara shi a 1742. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a 100, jikin mai lafiya kuwa yana wajen 37. Yawan zafi kuma shi ne ƙarfin da yake ƙaura daga abu mai zafi zuwa mai sanyi. Tartsatsin maƙera ya fi ruwan wanka tsanani nesa ba kusa ba, amma zafin da bokitin ruwan yake ɗauke da shi ya fi yawa.

Ruwa yana buƙatar zafi kamar ninki biyar na wanda rairayi yake buƙata kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Shi ya sa rairayin Kogin Jama'are yake ƙona tafin ƙafa da azahar, alhali ruwan yana da sanyi.

Zafi yana tafiya ta hanya uku. Ta farko, ta cikin jikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe yake zafi a tukunyar miya, muciya kuwa ba ta yi. Ta biyu, ta motsin iska ko ruwa, domin iska mai zafi sama take yi. Ta uku, ta haske, kamar yadda zafin rana yake iso duniya. Rufin kwano yana shan zafin rana ya sako shi cikin ɗaki nan da nan, katangar ƙasa mai kauri kuwa tana jinkirta shi.

Idan ruwa ya zama tururi, yakan tafi da zafi mai yawa. Wannan ne sirrin randa, kuma ta haka gumi yake sanyaya jiki. A kan wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a Jihar Jigawa, har ya sami lambar Rolex a shekarar 2000.

Saboda haka ana gargaɗin jama'a:

1. A yawaita shan ruwa, a sa tufafi farare masu sakewa.
2. A yi aikin ƙarfi da safe ko da yamma.
3. A yi wa rufin kwano silin, a buɗe tagogi da dare.
4. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na ɗan lokaci.
5. Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai har ya ruɗe ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya sanar da wanda bai karanta ba. Rigakafi ya fi magani.