Tiyata ko Likitancin Ciki?

Tambaya: Na gama horon shekara guda a asibiti da bautar ƙasa. Ina so in ƙware, amma na rasa zaɓi tsakanin tiyata da likitancin ciki. Daga wata likita a Zariya.

Amsa: 'Yata, ki tuna lokacin horonki: a ina kika fi mantawa da agogo? In a ɗakin tiyata ne, kina tsaye awanni ana ɗinke hanjin da taifot ya huda, kika fito da daɗin rai duk da gajiya, to kin riga kin samu amsa. In kuwa zagayen marasa lafiya ne ke jan ki, kina gefen gadon dattijo mai ciwon suga da ƙoda, kina harhaɗa sakamakon gwaji har ki kamo bakin zaren, likitancin ciki ne naki. Sai dai irin waɗannan majinyata shekaru za ki yi kina bibiyarsu.

Ko wanne kika ɗauka, sai kin ci jarrabawar farko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, sannan horo na wajen shekara 5 ko fiye, da kwanan asibiti. Masu cewa tiyata ba ta mata ba ce, kada ki saurare su.